Yadda Gari Zai Riƙe Ruwansa Daga Kaka Zuwa Faɗuwar Damina: Jagora Ga Al'ummomin Sakkwato

A ƙasar Sakkwato ana samun ruwan sama na kimanin milimita 600 zuwa 700 a shekara. Arewa wajen Illela da Gada da Gudu ya gaza haka, kudu wajen Tambuwal da Kebbe ya ɗara. Kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, ragowar wata takwas kuma gari na rayuwa da abin da ƙasa ta ajiye. Dattawa suna tuna farin 1973 da na 1984, shi ya sa da an ce sauyin yanayi sai hankali ya tafi ga fari. Amma abin da ke faruwa yanzu ya ɗan bambanta. Tun wajen 1990 yawan ruwa ya ɗan farfaɗo a yankin Sahel, zubarsa ce ta canza. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel cikin shekara 35. Ruwan da a da zai sauka cikin mako biyu yanzu yakan zubo a dare ɗaya, ya kwashe fuskar gona, ya cika kwari da yashi, ya wuce gulbi. Daga nan a yi kwana goma sha biyar gero na naɗe ganye.

Dam ɗin Goronyo kaɗai ya isa shaida. An gama shi a 1984 a kan gulbin Rima domin ya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. A Satumbar 2010 ambaliyar Rima ta cinye garuruwa da gonaki, ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A farkon 2018 kuma ruwan dam ɗin ya ja baya har ya rage kusan kashi 10 cikin 100, birnin Sakkwato ya shiga wahalar ruwan famfo. Gulbi ɗaya ne, ƙasa da shekara takwas a tsakani.

Don haka jagoran nan bai fara da neman rijiyar burtsatse ba, ita ce ma a ƙarshe. Ana farawa da sanin ruwan da ake da shi da tsare wanda Allah ya saukar kafin ya gudu.

Mataki na 1: Ku ƙirga ruwan garinku, ku ƙirga masu sha

A yi wannan a watan Oktoba, da an ɗauke ruwa. Mai unguwa ya tara liman, sarkin noma, arɗon Fulanin da ke kusa, sarkin ruwa in gari na bakin gulbi, da malamin makaranta mai riƙe littafi. A tabbata an ji ta bakin mata da 'yan garuwa, don su ne suka san rijiyar da ke fara ba da laka da wadda ruwanta ba ya kumfa da sabulu. A zagaya a rubuta kowace rijiya, tabki, kududdufi, famfon tuƙa-tuƙa da burtsatse: zurfinta, mai ita, watan da take ƙafewa, da ko tana aiki.

Sai lissafin buƙata. Mutum ɗaya na buƙatar aƙalla lita 20 a rana don sha da girki da tsafta. A zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, saniya takan sha lita 30 zuwa 40, tunkiya ko akuya lita 4 zuwa 5. A ce gari na da mutum 1,000, shanu 200, awaki da tumaki 800. Mutane lita 20,000, shanu wajen 7,000, ƙananan bisashe wajen 4,000. Jimilla lita 31,000 a rana, wato jarka 1,240 mai cin lita 25. Famfon tuƙa-tuƙa lafiyayye da wuya ya wuce lita 1,000 a awa, ko an wuni ana bugawa ba zai ba da rabin wannan ba. In garinku ya karɓi 'yan gudun hijira, kamar yadda ya faru a garuruwa da dama na gabashin jiha saboda rashin tsaro, a sa su cikin lissafi tun yanzu.

Mataki na 2: Ku riƙa auna rijiya

A zaɓi rijiya biyu ko uku, ɗaya cikin gari, ɗaya a fadama. A samu igiya a ƙulla ta kowane rabin mita, a ɗaura ɗan dutse a bakinta. Kowace Juma'a da asuba, kafin kowa ya jefa guga, a auna daga bakin rijiya zuwa fuskar ruwa a rubuta. Shekarar farko lambobi ne kawai. Daga ta biyu littafin zai fara magana: in ruwa a Janairun bana ya kai inda ya kai a Maris ɗin bara, kun san wata biyu kuke da su na shiri kafin a fara kwana a bakin rijiya. Wannan littafin kuma shi ne hujjarku ranar da za ku je ƙaramar hukuma ko hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara, RUWASSA. Jami'i ya fi sauraron takarda mai lambobi a kan koke na baki.

Mataki na 3: Ku tsayar da ruwa a gona

Nan ne aikin ya fi yawa, nan ne kuma ribar take, domin ruwan da ya nutse a tudu shi ne ke fitowa a rijiyar gari bayan watanni. Maƙwabtanmu na Adar da Maraɗi a Nijar sun riga mu nisa a wannan fanni tun bayan farin 1984, kuma ƙasarsu ba ta fi tamu ruwa ba. Wanda ke zuwa Ƙonni ko Tawa ya ga aikin da idonsa.

Fara da duba irin ƙasarka. In fako ce mai tauri wadda ruwa ke gudu a kanta, tassa ce maganinta. Ana haƙa ramuka da rani, faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 15 zuwa 20, a bar taku guda tsakanin rami da rami, layi na biyu ya faɗa tsakankanin ramukan layin farko. Ƙasar da aka fitar a tara ta a gefen gangare na ramin don ta tare ruwa. A zuba taki tafi biyu, a ɗan rufe da ƙasa. Gara za ta zo cin takin ta huda ƙasa da ƙofofi, ruwa ya bi su ya nutse. In ruwa ya sauka sai a shuka gero ko dawa a ciki. Kadada ɗaya takan ci rami dubu goma ko fiye, don haka kada ka ce za ka gama a rani ɗaya. Yi kwata a bana, ƙara kwata baɗi. A jigawa mai rairayi kuwa kada ka wahalar da kanka, ramin zai cike da iskar farko. Abin da jigawa ke so shi ne a bar mata kara a kwance da itatuwa a tsaye.

In filin kiwo ne ko gonar da ta mutu gaba ɗaya, a yi rabin wata. Ana zana rabin da'ira mai faɗin mita 2 zuwa 4, buɗaɗɗen bakin ya kalli tudu inda ruwa ke gangarowa, a sassaƙe cikin, a yi kunya da ƙasar a bayan da'irar a daddanne ta. Kuskuren da aka fi yi shi ne juya bakin ya kalli gangare, ko jera su a saitin juna yadda ruwan da ya kuɓuce wa na sama zai wuce na ƙasa. A ciki ana shuka ciyawa ko dawa, a gindin kunyar a dasa bagaruwa, aduwa ko magarya.

Inda akwai duwatsu, a jera su layi-layi a gicciye da gangare, tsayin kamu ɗaya, tazarar mita 20 zuwa 50 gwargwadon tsananin gangaren. Layin dole ya bi daidaiton ƙasa, in ba haka ba ruwa zai taru a gefe guda ya ɓalle ya haifar da sabon kwari. Ba sai an kira injiniya ba. Siririn tiyo mai haske na mita 10 da aka cika da ruwa, da sanda biyu masu alama iri ɗaya, sun isa: duk inda ruwan ya tsaya a alama ɗaya a sandunan biyu, wuraren nan biyu daidai suke. A bayan duwatsun a dasa gamba ko jema, saiwarsu za ta riƙe ƙasa, a samu na zana da na dabbobi.

Sai sassabe. Wanda ya saba share gona ƙal ya ƙone saura, yana taimakon iska da rana ne a kan kansa. A kututturen da ke tohowa, na sabara ko kalgo ko gawo, zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi ka bari, ka sare sauran. Da wannan dabara aka dawo da itatuwa a miliyoyin kadada a jihohin Maraɗi da Damagaram ba tare da dashe ba. Gawo ya fi kowanne daraja a gona, don yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, da rani kuma ya ba dabbobi 'ya'ya. A ganina gari ya fi cin ribar kare tohon da ke gonakinsa a kan jiran dashen da ake rabawa a Agusta, wanda awaki ke gamawa da shi kafin Disamba. Itacen turare kuwa a nisanta shi da rijiya da fadama, shan ruwansa ya yi yawa.

Mataki na 4: Yashe tabki, amma a zurfafa

Tabkin da iyayenmu suka sani yana kai Maris yanzu yana ƙafewa a Disamba, kuma sau da yawa ba ƙarancin ruwan sama ba ne, yashi ne ya cike shi. Tabkin Kalmalo na kusa da Illela, da aka san shi da kifi da noman rani, misali ne na yadda babban ruwa ke ja da baya. Da bazara rana da iska na shanye kusan santimita guda daga fuskar tabki kowace rana. Daga Oktoba zuwa Mayu abin ya kusa mita biyu, ban da wanda ke tsiyayewa ƙasa da wanda ake ɗiba. Tabkin da zurfinsa bai kai mita uku ba ba zai ga bazara ba, komai faɗinsa. Saboda haka in za a yi gayya ko a yi hayar motar haƙa, a haƙa ƙasa-ƙasa, kada a faɗaɗa.

A yi aikin a Afrilu ko Mayu lokacin da ya bushe. Ƙasar da aka kwaso a kai ta nesa da baki ko a kai gona, in aka tara ta a gefe ruwan farko zai mayar da ita. A mashigar ruwa a haƙa ƙaramin rami mai zurfin mita guda, ruwa ya fara tsayawa a nan ya sauke yashi, duk shekara a yashe shi. In gindin tabkin rairayi ne, a shimfiɗa laka a jiƙa a kora shanu su tattake. A ware gefe guda mai sauƙin gangare don dabbobi, a killace sauran da ƙaya saboda yara. Ruwan tabki na dabbobi ne da gini da ban-ruwa. Wanka a ciki na kawo tsargiya, shan sa ba tare da magani ba kuwa ba sai an faɗa ba.

Mataki na 5: Tari ruwan rufi

Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin 6 zai tara lita 36,000 a daminar milimita 600. Cire kashi ɗaya cikin biyar na asara, saura kusan 29,000. Ba mai tankin da zai ɗauke wannan duka, amma tankin lita 5,000 da aka cika a ƙarshen Satumba aka kulle zai ba gida mai mutum takwas ruwan sha da girki, lita 40 a rana, har wata huɗu. Dabarar ita ce kada a buɗe shi sai Maris, lokacin da jarka ta yi tsada. Masallacin Juma'a da makaranta da asibitin gari sun fi kowa faɗin rufi, su ya kamata a fara sa wa indararo. A bar ruwan farko ya wanke ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye ya zube, a sa raga a bakin tanki, a rufe shi ruf, a yi masa rumfa.

Mataki na 6: Fadama

Tun da aka gama dam ɗin Bakolori a 1978, sannan na Goronyo, ambaliyar da ke shimfiɗa a fadamun ƙasa da su ta ragu, kuma ita ce ke cika ruwan da ke ƙarƙashin fadama. A ɗaya gefen kuma, tun shirin Fadama na farkon shekarun 1990 rijiyoyin bututu da injin ban-ruwa suka maye gurbin jigo a Wurno, Kware, Goronyo, Wamakko da sauransu. Masu ɗiba sun ƙaru, mai zubawa ya ragu. Bayan cire tallafin fetur a 2023 manoma da yawa sun koma sola. Abu ne mai kyau ga aljihu, sai dai tsadar fetur ce ke sa mutum ya kashe inji da fangali ya cika. Mai sola ba abin da ke tsawatar masa sai hankalinsa.

Abin yi a nan kaɗan ne amma sai an haɗa kai. A yi dashen albasa da tafarnuwa da wuri don su nuna cikin sanyi, kafin zafin Maris ya ninka buƙatar ruwa. A daidaita fangali sosai, a ƙanƙanta shi, a ja ruwa da tiyo maimakon doguwar hanyar ƙasa da ke shanye rabi. A yi ban-ruwa da safe ko da yamma, a rufe gindin tumatir da tattasai da ciyawa ko buntun shinkafa. Maƙwabta su raba kwana, kada inji goma su tashi lokaci guda a wuri ɗaya. In injinka ya fara jan iska a Fabrairu, kada ka ƙara fili a wannan shekarar. Shinkafar rani kuwa sai inda ruwa ya tabbata, don tana shan fiye da ninkin abin da albasa ke sha.

Mataki na 7: Zama da makiyaya da masunta kafin ruwa ya ja

Yawancin rigimar mashaya ana iya ganinta tun daga nesa. Lambu ya toshe burtali, ko an shuka albasa har bakin inda shanu suka saba sauka. A zauna a Nuwamba gaban hakimi, da arɗo da sarkin noma da sarkin ruwa, a bi burtali da ƙafa a kafa alama, a yanka ranaku ko sa'o'in shayarwa, a faɗi abin da baƙon garke zai bayar na gyaran rijiya, a rubuta kowa ya riƙe kwafi. Liman ya tunatar da hadisin da ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku: ruwa, ciyawa da wuta. Masunta su ma suna da haƙƙi a gurbin da ke riƙe ruwa da rani, kada a zuƙe shi ƙaf da inji, kada a wanke tankin feshi a ciki. A gina kwamin shayarwa nesa da bakin rijiya da kamar taku ashirin.

Mataki na 8: Shirin ambaliya da tsabtar ruwan sha

Kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna kuma na fitar da na ambaliya, ana kuma sanarwa a rediyo. Garuruwan da ke ƙasa da Goronyo su naɗa mutum biyu masu bin sanarwar sakin ruwa daga hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. Kafin Yuli a ɗaga bakin kowace rijiya da siminti ya kai ƙugu, a yi mata daɓe mai gangara waje da murfi. Masai ya nisanci rijiya da aƙalla mita 30, ya kasance a gangarenta.

Rijiyar da ambaliya ta shiga ba a shan ta sai an kwashe ruwan, an yashe, ma'aikacin lafiya ya zuba kulorin. Kwalarar 2021 da ta taɓa Sakkwato da jihohi da yawa da damina ta yi ƙarfi. A gida, in ruwa ya yi gurɓi a kwantar da shi da alif ko dakakken ƙwayar zogale, a tace da tsabtataccen ƙyalle. Wannan yana sa shi ya yi garau ne kawai, bai kashe cuta ba. Sai an tafasa, ko a sa ƙwayar kulorin ta Aquatabs yadda aka rubuta a jikin takardar a jira minti 30. Randa ta zama mai murfi da moɗa ɗaya. In gudawa ta kama wani, a haɗa lita 1 na tsabtataccen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi ana hanyar asibiti.

Mataki na 9: Yanzu a yi maganar burtsatse

Ƙasan Sakkwato na da ruwa, amma ba iri ɗaya ba ne. Akwai shimfiɗun yashi masu ba da ruwa mai yawa, akwai dutsen farar ƙasa irin na Kalambaina mai ruwa mai nauyi, akwai laka mai sa ruwa ɗaci ko gishiri. Don haka kafin a kawo motar haƙa a yi awon ƙasa, a kuma tambayi zurfi da ɗanɗanon rijiyoyin garuruwan kusa. A haƙa tsakanin Maris da Mayu, lokacin da ruwa ya kai ƙarshen ja da baya. Rijiyar da aka haƙa a Satumba takan ruɗi mutane. Kada a biya kuɗin ƙarshe sai an ja ruwa na sa'o'i masu yawa a jere an ga bai yanke ba, an kai samfur ɗakin gwaji, an kuma karɓi takardar da ke nuna zurfi, inda aka sa bututu mai huda, da girman famfo. Ranar da ya lalace, wannan takardar makaniki zai fara nema.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kafin a buɗe famfo a kafa kwamiti, a sa mata a ciki, a yanka ɗan kuɗi a kan kowace jarka ko kowane gida a wata, a ware wa marayu da gajiyayyu nasu kyauta. Ma'aji daban, mai littafi daban, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku. A tura matasa biyu su koyi canza roba da sandar famfo da wanke faifan sola, don ƙurar hunturu kaɗai na rage ƙarfinsa sosai. In tankin sama ne a sa masa abin da ke tsayar da famfo in ya cika. Mai hali da ke son yin sadaka mai gudana a roƙe shi ya haɗa da wakafin gyara, ko shago guda ne da hayarsa za ta riƙa shiga asusun. Gari da ke neman tallafi daga shirin ACReSAL na Bankin Duniya, wanda ke aiki a jihohin Arewa 19 da Abuja kan farfaɗo da ƙasa da ruwa, ko daga ƙaramar hukuma, ya tafi da littafin awon rijiya, lissafin mutane da dabbobi, yarjejeniyar mashaya, da shaidar abin da ke cikin asusun kwamiti.